Ba Be Bi Bo Bu: Tsokaci a Kan Hanyar Koyar da Karatun Hausa a Azuzuwan Farko na Firamare

1.0 Gabatarwa

An daɗe ana muhawara a Nijeriya a kan harshen da ya dace a fara koyar da yaro da shi. Manufar Ilimi ta Ƙasa wadda aka fitar a 1977, aka kuma yi mata bita a 1981, ta tanadi cewa a soma da harshen uwa, ko harshen da ya fi rinjaye a inda yaro yake zaune, daga baya a koma Ingilishi. A ƙarshen watan Nuwamba na 2022, Gwamnatin Tarayya ta sanar ta bakin ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, cewa za a yi dukkan shekaru shida na firamare da harshen uwa. A watan Nuwamba na 2025 kuma, minista Dokta Tunji Alausa ya sanar da soke wannan tsari. Wannan kai-komo ya ɗauke hankalin masana da 'yan jarida, har ya danne wata tambaya da ke ƙarƙashinsa, wadda kuma ba ta gushewa ko wane tsari aka bi. Tambayar ita ce, idan malami ya shiga aji ya ɗauki alli zai koya wa ɗan shekara shida karatun Hausa, ta wace hanya zai bi, kuma shin hanyar ta dace da yadda aka gina rubutun Hausa?

Wannan maƙala za ta dubi hanyoyi biyu da suka fi tashe, wato tsohuwar hanyar rera gaɓoɓi da sabuwar hanyar ƙwayoyin sauti. Abin da take son nunawa shi ne, rubutun Hausa na boko ba ya ɗauke da dukkan abin da baki yake furtawa, saboda haka duk hanyar da ta ɗauka cewa haɗa baƙi da wasali shi ne karatu, to rabin aiki ta yi.

2.0 Abin da Rubutun Boko Ya Bar wa Mai Karatu

Hanns Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, shi ne ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909, ya kuma fitar da ƙa'idojinsa na rubutun Hausa a 1912. A shekarun 1930, zamanin da R. M. East yake shugabancin Hukumar Talifi a Zariya, aka shigo da baƙaƙe masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, aka huta da ɗige-ɗige da waƙafin da ake liƙa wa waɗannan baƙaƙe a da. Abin da ba a shigo da shi ba shi ne alamar tsawon wasali da alamar karin sauti. Ba wai don ba a san da su ba ne, domin ƙamusun Bargery na 1934 ya nuna su duka biyu. Hujjar da aka saba bayarwa ita ce mai harshe ba ya bukatarsu, ma'anar jimla za ta sanar da shi yadda zai furta kalma. Taron da Hukumar UNESCO ta kira a Bamako a 1966 ya ba da shawarar a riƙa ninka dogon wasali, Jamhuriyar Nijar kuwa ta yi aiki da hakan na wani lokaci, amma taron Yamai na 1980 ya mayar da ƙasashen biyu kan tafarki guda, ba tare da ninki ba.

Ke nan yaro yana ganin haruffan wasali biyar a allo, alhali bakinsa yana aiki da goma sha biyu: gajeru biyar, dogaye biyar, da tagwaye biyu, wato ai da au. A kan kowace gaɓa kuma akwai karin sama, ko na ƙasa, ko faɗau. A misalan da ke biye an ninka dogon wasali, an ɗora alama a kan karin ƙasa da faɗau, an bar karin sama ba alama:

(1) gari
a. gàrii (wurin zaman jama'a)
b. gàarii (abin da ake tuƙa tuwo da shi)

(2) fara
a. faraa (launi, kamar a ce riga fara)
b. fàaraa (ƙwaron da ke cinye amfanin gona)
c. faaràa (soma)

(3) kuka
a. kuukaa (zubar da hawaye)
b. kuukàa (itaciyar da ake miya da ganyenta)
c. kukà (kamar a ce abin da kuka gani)

Masu kare ƙa'idar rubutu sukan ce irin waɗannan kalmomi 'yan ƙalilan ne, malaman nahawu ne kawai suke ta maimaita su. Da a ce matsalar ta tsaya ga sunaye, da an yarda da su. Sai dai inda ta fi tsanani shi ne cikin 'yan ƙananan kalmomin nan da ke zuwa kafin aikatau, waɗanda da ƙyar a sami jimlar da ba su a ciki:

(4) Sai ya tafi
a. sai ya tàfi (daga nan ya kama hanya)
b. sai yà tàfi (an ba shi izini ko shawara)
c. sai yaa tàfi (tilas ne, ko kuma ba za a yi ba sai bayan tafiyarsa)

(5) Ta ce ta zo
a. taa cêe taa zoo (ta ba da labarin isowa)
b. taa cêe tà zoo (ta ba da umarnin a zo)

Duk wanda ya taɓa sauraren tatsuniya ya san cewa a kan "sai ya" da "sai ta" labari yake tafiya. Wato kalmar da yaro zai fi cin karo da ita a shafin farko na kowane labari, ita ce kalmar da rubutu bai gaya masa yadda zai furta ta ba. Domin ya zaɓi ɗaya daga cikin furuci ukun nan, dole ne ya riƙe abin da ya gabata a zuciyarsa, wani lokaci ma sai ya leƙa abin da ke gaba. A Hausa, ke nan, fahimta ba mataki ba ce da ake hawa bayan an iya furuci. Furucin kansa ba ya kammala sai da ita.

Masu nazarin Yarbanci za su ga bambancin nan take. Rubutun Yarbanci yana ɗora alamar kari a kan wasali, kuma tun a aji ɗaya ake koya wa yaro rarrabe su da do, re, mi. Gwajin nan na shekara shida da Jami'ar Ife ta soma a 1970 a ƙarƙashin Farfesa Babs Fafunwa, wanda ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarbanci har ƙarshen firamare ba su gaza takwarorinsu a Ingilishi ba, an gina shi ne a kan rubutun da ke nuna kari. Ana yawan kafa hujja da wannan gwaji wajen neman a koyar da Hausa, kuma hujja ce mai ƙarfi, amma ba a cika lura da cewa malamin Hausa yana ɗauke da wani nauyi wanda rubutu ya riga ya sauke wa malamin Yarbanci ba.

3.0 Tsohuwar Hanya

Hanyar da akasarin Hausawa masu ilimin boko suka bi ita ce ta gaɓa. Malami ya jera ba be bi bo bu a allo, ya nuna da tsumagiya, aji ya amsa gaba ɗaya. Gobe a koma ca ce ci co cu, har a kai ga tagwayen baƙaƙe irin su sh da ts da ky da gw. Daga nan a soma harhaɗawa. Haƙiƙa wannan hanya tana da abin yabo, domin ta dace da ƙirar harshen. Gaɓar Hausa iri uku ce kacal: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwai, sai baƙi da wasali da baƙi. Yaron da ya mallaki gaɓoɓi ya mallaki tubalan ginin. Jerin littattafan nan na kamfanin NNPC da ke Zariya, wato Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu da Ka Yi Ta Karatu, sunayensu kaɗai sun isa su nuna cewa waɗanda suka tsara su ba su nufi a tsaya a gaɓa ba. Sun nufi a wuce ta da wuri a shiga labari.

Illar tana cikin rerawar ne. Idan aji ya rera gaɓoɓi biyar ɗin nan, yakan ba su tsawo ɗaya da kari ɗaya, ya yi ta yi har makonni, sai kunnen yaro ya saba da cewa "ba" abu guda ne. Alhali kuwa ba ta cikin bàaba, wato mahaifi, daban take da ta cikin baabaa na rini, duka biyun kuma daban suke da ta cikin bàkaa na maharbi. Bugu da ƙari, gaɓoɓin biyar ba halinsu ɗaya ba. A tsakiyar kalmar Hausa ta asali, in gaɓa ta ƙare da e ko o, to wasalin dogo ne. A da i da u su ne suke iya zuwa ta ko'ina. Wannan ƙa'ida ce mai sauƙi da za ta rage wa yaro wahala, haka nan ƙa'idar da ta ce duk wasalin da baƙi ya rufe shi a cikin gaɓa gajere ne. Amma jerin ba be bi bo bu ba shi da gurbin da zai faɗe su.

Sakamakon abu ne da kowane mai duba makarantu ya sani: karatun dabo-dabo, inda yaro ke tsinke kalma gaɓa-gaɓa da murya guda miƙaƙƙiya, ya kai ƙarshen layi lafiya, a tambaye shi abin da ya karanta ya yi shiru. Akan ɗora laifin a kan rashin ƙwaƙwalwa. Gaskiyar magana ita ce abin da ya fito daga bakinsa ba Hausa ba ne, don haka kunnensa bai gane shi ba. A ɗauka malama ta rubuta kuka ita kaɗai a allo, Audu ya tashi ya ce kuukàa, ta ce masa, "A'a, sake." Ya sake faɗin abin da ya faɗa, domin a ƙofar gidansu akwai kuka. Ita kuwa hawaye take nufi. Da zai iya kare kansa sai ya ce, "Malama, ai ba ki rubuta wadda kike nufi ba," kuma da ya yi gaskiya. Wannan ya fi faruwa a makarantun da littafi bai wadata ba, inda allo ya zama shi ne littafi, jerin kalmomi tsirara ya maye gurbin labari da hoto.

4.0 Sabuwar Hanya

Daga wajajen 2010 aka shiga wani sabon yayi. An yi gwajin karatun azuzuwan farko da ake kira EGRA da harshen Hausa a jihohin Bauci da Sakkwato, da tallafin hukumar USAID ta Amurka, aka tarar mafi yawan yaran aji biyu ba sa iya karanta ko da kalma ɗaya daga cikin ɗan gajeren labarin da aka ba su. Wannan sakamako mai tayar da hankali shi ya share fage ga shirye-shirye irin su Mu Karanta a waɗannan jihohi biyu, da RANA a Katsina da Zamfara. Tsarinsu ya dogara ne a kan rukunai biyar da wani kwamitin ƙasa na Amurka ya bayyana a rahotonsa na shekarar 2000: rarrabe ƙwayoyin sauti da kunne, danganta sauti da harafi, karatu ba tangarɗa, tara kalmomi, da fahimta.

Adalci ne a faɗi alherin da waɗannan shirye-shirye suka kawo. Sun sa littafin Hausa a hannun yara da yawa da ba su taɓa riƙe shi ba, sun ba malami jagoran darasi, sun kuma raba shi da ɗabi'ar kiran haruffan Hausa da sunayensu na Ingilishi. Yaron da bai san harafin b ba, ba karin sauti ne matsalarsa ta farko ba, kuma wannan maƙala ba ta da'awar haka. Abin dubawa shi ne katangar da zai tarar bayan ya haye ta farko.

Rukunan nan biyar an tsara su ne domin Ingilishi, harshen da wahalarsa take cikin rashin jituwar harafi da sauti, inda harafi ɗaya kan ba da sautuka barkatai. Baƙaƙen Hausa ba su da wannan fitina. In aka cire r mai furuci biyu, kusan kowane baƙi sauti ɗaya gare shi. Wahalar Hausa a wani wuri take, kuma babu rukuni ko ɗaya cikin biyar ɗin da aka yanka musamman dominta. An ɗauko maganin ciwon wani an ba wani, ya sami sauƙi ta wani gefe, ciwon nasa na nan.

Ma'aunin kansa abin tambaya ne. A gwajin EGRA akan ba yaro daƙiƙa 60 a ƙirga kalmomin da ya karanta daidai. Akwai kuma sashen da ake ba shi ƙagaggun kalmomi marasa ma'ana, domin a tabbatar ba hadda ya yi ba. A Ingilishi wannan yana da ma'ana. A Hausa kuwa, ƙagaggiyar kalma ba ta da tsawo ba ta da kari, domin ma'ana ce ke ba da su. Duk yadda yaro ya ja ta ko ya datse ta, ba mai iya cewa ya yi kuskure. To in har horon aji ya karkata ga abin da gwaji yake aunawa, kamar yadda horo ya saba yi a ko'ina, za a sami yara masu saurin dabo-dabo. Kuma idan yaro ya karanta jimlar (5) da furucin umarni a inda ake nufin labari, shin mai riƙe da agogo zai ƙirga masa ita a daidai ne ko a kuskure? Amsar ta dogara ga kunnen mai gwajin, da irin horon da aka ba shi a kan wannan batu takamaimai.

Wani abin kuma shi ne cin karo da Jolly Phonics, tsarin Ingila mai sautuka 42 da ya bazu a makarantun gwamnati domin koyar da Ingilishi. Yaron da aka koya wa da safe cewa harafin c sautin k gare shi, in ya shiga darasin Hausa da hantsi sai cokali ya koma kokali, caca ta zama kaka. Ba laifin tsarin ba ne, don ba Hausa aka yi shi domin ta ba. Laifin na jadawalin da ya gwama rubutu biyu masu haruffa iri ɗaya a kan ɗan shekara shida a zango guda ne.

5.0 Yaron da Hausa Ba Harshen Gidansu Ba Ne

Hujjar da aka kafa ta barin alamomi ta dogara ne kacokan a kan mai harshe. To amma ajin Hausa ba na Hausawa kaɗai ba ne. A jihar Bauci, inda aka yi gwajin da aka ambata, akwai yaran da Fulatanci ko Jaranci ko Sayanci suke yi a gida. Haka abin yake a Adamawa da Filato da kudancin Kaduna da Barno, inda Hausa ta zama harshen kasuwa da na makaranta. Sannan ga ɗaliban kudu da suke ɗaukar Hausa a matsayin harshe na biyu a kwalejojin ilimi, ga kuma 'ya'yan Hausawan Sabo ta Ibadan da na Agege a Legas, waɗanda Hausarsu ta gida ce, ba su taɓa ganin ta a allo ba. Bafulatanin yaro yana da dogon wasali a harshensa, amma ba shi da karin sauti mai bambanta ma'ana. In aka ba shi fara a rubuce, ba shi da rumbun da zai je ya ɗebo karin da rubutu ya ɓoye. A gare shi littafin da ba alama kamar tulu ne ba marfi ba kuma moɗa. Irin wannan yaro ne ya fi kowa cutuwa da jerin kalmomi tsirara, shi ne kuma ba a cika tunawa da shi ba idan ana tsara littafi.

6.0 Darasin Makarantar Allo

Abin mamaki shi ne maganin wani ɓangare na matsalar yana nan a zauren da yaro yake zuwa da asuba kafin ya sa kayan makaranta. A makarantar allo yakan bi babbaƙu, sannan farfaru, inda yake koyon wasali bisa da wasali ƙasa da rufu'a da ɗauri. Can ne kuma yake koyon ja, wato ya san cewa alif ko wawu ko ya suna tsawaita wasali, kuma malam ba ya barin a datse abin da aka ja. Rubutun ajami na Hausa ya gaji wannan; mai rubuta gari da ajami yana da yadda zai bambanta na tuwo da na zama. Wato yara da yawa suna shiga aji ɗaya da sanin dogon wasali da gajere, har da sunan da suke kiran abin, sai darasin boko ya yi kamar bai san da wannan ilimi ba.

Ba a nan ake kiran a sauya ƙa'idar rubutu ba. Babba mai karanta jarida ba ya bukatar alama, kuma abin da aka daddale a Yamai a 1980 ya haɗa kan masu rubutu a ƙasashe biyu, bai kamata a warware shi ba. Abin da ya fi dacewa shi ne abin da Larabawa suke yi wa 'ya'yansu: littafin yara da cikakken wasali, na manya ba shi. A littafin aji ɗaya da na aji biyu ana iya ɗora ɗan layi a kan dogon wasali, a kira shi ja kamar yadda yaro ya saba ji, a rage shi sannu a hankali, a aji uku a janye shi. Ɗan layin ya fi ninki, domin in an cire shi siffar kalma ba ta sauya ba. Karin sauti kuwa a bar shi ga kunne, sai fa a kan ya da ta da sauran 'yan'uwansu, inda alama ɗaya tak ta karin ƙasa za ta raba umarni da labari. A da akan ce maɗaba'a ba ta da irin waɗannan haruffa; kwamfuta ta kawar da wannan uzuri.

Ko da ba a sake buga littafi ko ɗaya ba, akwai abin da ke hannun malami. Kada ya rubuta kalma mai fuska biyu ita kaɗai, sai a cikin jimla ko tare da zane. Ya karanta wa aji labari da muryar mai ba da tatsuniya kafin ya sa su karanta, domin su ji inda ake ja da inda ake saukarwa. Taskar tana nan: Magana Jari Ce ta Abubakar Imam domin makarantu aka rubuta ta a ƙarshen shekarun 1930, ga kuma Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya. Waƙoƙin gaɗa da na dandali ma darasi ne, tun da a kan gaɓa mai nauyi da marar nauyi karin waƙar Hausa yake tafiya, kuma ɗalibin da ke kasa yanka baiti a jami'a sau da yawa tun aji ɗaya aka toshe masa wannan kunne.

Saura batun shifta. Idan malami ya yi shiftar garin tuwo, akan sami yaron da zai rubuta gaari, musamman wanda ya yi nisa a allo. Abin da aka saba shi ne a ja masa jan biro a rage maki. Ya kamata dai a gyara masa, domin ƙa'ida ba ta yarda da ninki ba, amma a gaya masa cewa abin da ya ji daidai ne, rubutu ne ba ya nuna shi. Daga nan malami ya rubuta jimloli biyu a allo, ɗaya da garin Kano ɗaya da garin dawa, ya sa shi ya karanta wa aji su duka biyu.